Neman Katako Mai Launi Don Aikin Dashe Da Leza: Nazarin Lamarin Wani Shago A Kano

Asalin lamarin

Mai shagon matashi ne da ya fara da rubutun allunan talla kafin ya koma aikin na'ura. A shekarar 2021 ya sayi na'urar yanka ta leza ƙirar ƙasar Sin, irin mai bututun gilashi da iskar CO2, mai ƙarfin wat 80, teburinta santimita 60 da 90. Abincin da yake samu da ita bai wuce allunan karramawa, da sunayen amare da ake sokawa a kan kek, da lambobin ƙofa na akirilik (roba mai kama da gilashi) ba. Yaron shago ɗaya gare shi, sai wani kafinta a layinsu da ke haɗa masa akwati idan aiki ya zo.

A watan Oktoban 2022 kwamitin wata makarantar Islamiyya suka kawo masa aikin akwatunan Alƙur'ani guda 30, kyautar ɗaliban da za su yi sauka. Murfin kowanne santimita 25 da 18. Sun nuna masa hoton wani akwati na ƙasar waje da aka yi wa dashe: a rarake gurbi a jikin katako, a yanko wani katakon mai launi daban daidai gurbin, a zaunar da shi da gam, a goge har yatsa ya kasa jin inda suka haɗu. Abin da suke so a tsakiyar murfin shi ne dagin Arewa da launi biyar: fari, baƙi, ja, rawaya da kore.

Yankan bai ba shi wahala ba. Ya yanka murabba'i mai milimita 20, ya auna, ya samu 19.85. Ke nan harshen leza na cinye milimita 0.15, sai ya ƙara rabin wannan a kowane gefe a cikin manhajar LightBurn da ke sarrafa na'urar. Ya kuma lura cewa yankan ya fi faɗi ta sama fiye da ta ƙasa, don haka ya riƙa juya zanen ɗan dashen yana yanka shi ta baya, ta yadda zai shiga gurbi yana matsewa. Cikin mako guda ya gama da wannan. Abin da ya ci masa tuwo a ƙwarya shi ne inda zai samo launukan.

Nuwamba 2022: galura, fenti da marina

Ya fara da abin da ke hannu. Ya yanka filawud mai kaurin milimita 3, ya jiƙa guntayen a ruwan galura na minti 30, suka bushe, ya dasa su a murfin madaci. Kafin guga abin ya yi kyau. Amma ɗan dashe dole ya ɗan ɗara gurbinsa tsawo, kuma dole a goge shi ya daidaita. Samfefa na taɓa shi sai launin ya tafi, farin katako ya bayyana a tsakiya, ja da kore suka rage a gefe-gefe. Da ya karya guntu ɗaya ya duba, rinin bai shiga ko rabin milimita ba.

Ya gwada rina su bayan guga da ɗan buroshi. Galurar ta bi jijiyar katako ta tsallaka iyaka, kore ya shiga cikin fari.

Daga nan ya nufi marina a Ƙofar Mata da guntayen farin katako, da niyyar ya samu shuɗi daga baba, ya ɗora ruwan kurkum a kai ya zama kore. Masu rini sun tsoma masa kamar yadda suke tsoma yadi: a tsoma, a ɗago ya sha iska, a sake. Shuɗin ya kama da kyau, sai dai a fuska kawai ya tsaya, don baba sai ya haɗu da iska yake zama shuɗi, iska kuwa ba ta ratsa cikin katako. Ruwan toka ya tayar da gashin katakon, sirara daga ciki suka lanƙwashe. Kurkum ɗin ma, guntun da ya manta a bakin taga ya koɗe cikin kwana 10.

Ranar sauka ta matso. Ya koma wurin kwamitin ya faɗa musu gaskiya, suka amince ya rarake dagin da leza ya cike gurabun da fenti, ya rage musu kuɗi. Haka aka kai akwatunan a watan Disamba.

Disamba 2022 zuwa Fabrairu 2023: fallayen waje da fatar roba

Ya shiga intanet ya gano cewa masu wannan sana'a a Turai da Amurka fallen katako suke saya, mai kaurin milimita 0.5 zuwa 0.6, wanda aka rina a masana'anta har cikin cikinsa. Italiya ce ta yi suna a wannan: Tabu a garin Cantù, da Alpi a Modigliana. Abin da ya ba shi mamaki shi ne wani ɓangare mai yawa na fallayen Alpi daga obeche ake yin su, itacen da ake kira ayous a Kamaru, inda kamfanin ke da masana'anta. Wato farin katakon nan mara nauyi da kafintocinmu ke raina wa, shi ne ke tafiya Turai ya sha rini ya dawo da tsada.

Ya sa wani ɗan'uwansa da ke zaune a Ingila ya sayo masa ƙaramin ƙunshin fallayen Italiya mai launi 12, kowane falle bai fi girman takardar A4 ba. Kuɗin aikowa ya fi kuɗin kayan. Launin kam ba magana: ko an goge yana nan. Amma fallayen sun iso a tsakiyar hunturu, cikin kwana biyu suka bushe suka riƙa tsagewa da an taɓa su. Iskar da na'urar ke hurawa a bakin yanka tana ɗauke ƙananan guntaye, ƙarshen lanƙwasar dagi mai tsini kuma yana ƙonewa. Ya shawo kan wannan ta hanyar manna salatif na takarda a fuska da baya, da rage wutar zuwa ƙasa sosai. Saura matsala ɗaya: gurbin da leza ke rarakewa ba ya fita da shimfiɗaɗɗen gindi, domin sashen katako mai laushi ya fi mai tauri saurin ci. Falle mai 0.6 kuwa ba shi da rarar da za a goge. A murafu 6 na gwaji, 2 sun huje har gam ya fito. Kore da baƙi suka ƙare, ya rage da ruwan hoda da shunayya waɗanda ba mai so.

A watan Fabrairu, ana tsakiyar ƙarancin takardun naira, yaron shagon ya kawo ragowar fatar kujera mai launin kore daga wurin masu ɗinkin kushin. Suka yanka ta kwana biyu. Hayaƙin ya fito rawaya-rawaya yana yajin ido da maƙogwaro. Bayan mako guda tsatsa ta bayyana a sandunan da kan na'urar ke gudu a kai, ɗaya daga madubban da ke karkata hasken leza kuma ya dusashe har sai da aka sake shi. Fatar ta roba ce, irin ta PVC, wadda idan ta ƙone take fitar da iskar asid mai sinadarin kulorin, mai cin ƙarfe da huhu. Daga ranar ya kafa doka a shagon: duk robar da ba a san asalinta ba, a ƙona wayar tagulla ta yi ja, a dangwala ta a jikin robar, a mayar cikin wuta. Idan harshen wutar ya koma kore, akwai kulorin, ba za ta shiga na'ura ba.

Fatar gaske ma ya gwada. Wadda aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta bai yanka ba, saboda gubar da ke cikin hayaƙinta da tokarta. Jar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi ta yanku lafiya ƙalau, amma ba a goge fata da samfefa. Sai ya mayar da ita shimfiɗar cikin akwati.

Maris zuwa Yuni 2023: 'Yan Katako

Kafintan layinsu ne ya ce masa ya daina neman launi a kwalba, ya je kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa. Can ya haɗu da wani dattijo mai sayar da katako. Da ya nuna masa girman guntayen da yake buƙata, dattijon ya yi dariya.

"Ɗana, ai wannan ba sayen katako ba ne, tsintar itacen girki ne. Je ka bayan injin can, ka zaɓi abin da ka ga dama."

"Baba, so nake ka nuna mini wanda launinsa ba ya gudu."

"Duk suna gudu. Wani dai ya fi wani sauri."

Ya kwaso buhu biyu na ragowar yanka. Kafinta ya tsaga masa su falle-falle a injin zarto, kaurin milimita 3. Daga kowane iri ya ware guntu biyu, ɗaya a aljihun tebur, ɗaya a bakin taga, ya rubuta kwanan wata a bayansu. Ga abin da ya gani zuwa ƙarshen Yuni.

Obeche ya ba shi fari mai ɗan ratsin ruwan madara, kuma leza na ratsa shi da sauri ba tare da ƙuna mai yawa ba. Malaina ma fara ce, amma ta fi karkata zuwa ruwan toka. Loko sabon yanka rawaya ne mai kyau, har ya ɗauka ya gama da rawaya, sai na bakin taga ya koma ruwan ƙasa cikin makonni kaɗan. Ƙurarsa kuma ta sa yaron shago atishawa da ƙaiƙayi. Opepe, wanda ake kira bilinga a Kamaru, shi ne ya riƙe rawayarsa mai ruwan lemo fiye da sauran. Jan kuwa daga faduk ya samu, itacen kurmin kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru da Gabon. Sabon yanka ja ne wur kamar manja, na bakin taga ya riƙa duhu yana komawa ja mai ƙasa-ƙasa. Madaci da safele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, ya bar su su zama jikin akwati.

Baƙi ne ya gagara. Kanya na da baƙar zuciya, amma ba a kowane gungume ake samu ba, kuma abin da aka samu siriri ne mai tsagu. Ga tauri: sai leza ta bi layi sau uku kafin ta huda milimita 3, gefen ya zama gawayi, yankan ya kai faɗin milimita 0.4. Kirya ma haka ta yi. Wani ya yi masa tayin madobiya, bai saya ba, don launinta ya yi kusa da na jikin akwatin. Ita ce dai aka yi wa wawaso a Taraba da Kogi ana lodi zuwa Sin, har CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta saka ta a rukuni na biyu, na waɗanda ake sa ido kan cinikinsu, daga farkon 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Taron CITES na Panama a Nuwamban 2022 ya ƙara faduk da madaci da kawo na Afirka a wannan rukunin, dokar ta fara aiki a Fabrairun 2023. Ma'anarsa ga mai ƙaramin shago ita ce gungume, da katakon da aka tsaga, da fallen waɗannan itatuwa ba sa tsallaka iyakar ƙasa sai da takardar izini.

Maganin baƙin daga wurin wani baduku ya fito, wanda ya tuna masa da kuloko, baƙin rinin dukawa da ake yi da ƙarfe. Ya dafa 'ya'yan bagaruwa ya jiƙa obeche a ruwan, ya bar shi ya bushe, sannan ya tsoma shi a ruwan khal da soson ƙarfe ya kwana bakwai a ciki. Dacin bagaruwa da ƙarfe na haɗuwa sai katakon ya yi baƙi nan take. A milimita 3, tsakiyar ta rage fara, amma baƙin ya shiga fiye da galura, ya isa a yi guga mara yawa.

Wani abu da ya koya a nan: ƙurar faduk tana shiga ƙofofin obeche ta mayar da shi ruwan hoda, sifirit kuma yana narkar da jan ya malala. Sai ya riƙa shafa tsinkakken shalak, man ƙyallin katako da ake narkarwa a sifirit, a kan farin kafin dashe, ya kuma musanya samfefa da kankara da faifan ƙarfe.

A tsakiyar Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 a farashin hukuma, makonni biyu bayan cire tallafin mai. Zancen sake sayo fallayen Italiya ya mutu a nan.

Agusta 2023 zuwa Janairu 2024: aikin damina

A watan Agusta wani kamfani ya ba shi aikin akwatuna 24 na kyauta. Ya yi murafun da madaci zalla mai kaurin milimita 12, ya rarake gurabu zurfin milimita 2.5, ya dasa obeche, baƙin obeche, faduk da opepe. Koren ya yi shi da akirilik, ya manna da gam mai haɗi biyu. Ya jera guntayen yadda launi ya fi kyau, bai damu da inda jijiyar kowanne ta fuskanta ba. Aka kai kaya a Satumba, kowa ya yaba.

A watan Janairu aka dawo masa da 9. A wasu an samu tsaga tsakanin ɗan dashe da gurbinsa har farce na shiga. A wasu akirilik ɗin ya ɗago. Murafu 3 sun lanƙwashe ba sa rufuwa, ɗaya ya tsage daga gefe zuwa tsakiyar dagin.

Ya ari ma'aunin danshi. Ragowar katakon da ya ɗaure a leda tun Agusta ya nuna kashi 14 cikin ɗari. Murafun da aka dawo da su sun nuna ƙasa da 6, iyakar abin da ma'aunin ke iya karantawa. A Kano danshin iska yana haura kashi 70 a Agusta, ya faɗo ƙasa da 20 a hunturu, katako kuma yana bin sa. A faɗinsa yana tsukewa kusan kashi 0.2 zuwa 0.3 cikin ɗari ga kowane maki ɗaya na danshin da ya fita, a tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. Maki 8 a guntu mai faɗin milimita 50 kusan milimita 1 ke nan. A faɗin murfi mai santimita 18 abin ya haura milimita 3. Shi kuma yana ta fama da milimita 0.15 ɗin da harshen leza ke cinyewa.

Ya karɓi akwatunan 9 ya yi alƙawarin sake su ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Fabrairu zuwa Oktoba 2024: sake tsari

Ya sauya abubuwa da yawa a lokaci guda. Katako yanzu sai ya yi aƙalla mako 6 a shagon a tsage, an jera shi da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Kauri ya sauko daga milimita 3 zuwa 1.2: kafinta ya tsaga a 2, su goge sauran. Ya bar rarake gurbi gaba ɗaya. Yana yanka fuskar murfin daga fallen madaci mai 1.2, leza ta huda ta fitar da siffar dagin, ya zuba guntaye masu launi a gurabun, ya riƙe su da salatif, sannan ya manna fuskar duka a kan filawud mai milimita 9. A bayan filawud ɗin ma yana manna falle mai kauri iri ɗaya. Jijiyar duk guntayen tana fuskantar wuri ɗaya da ta fuskar. Shalak yana shafa shi ciki da waje, ba waje kaɗai ba.

Rinin ma ya sake masa hanya. Ya samo kwamfuresan tsohon firij ya haɗa da tiyo da tukunya mai murfin roba. Ya zuba fallayen obeche a ruwan rini mai ɗumi, ya zuƙe iska har kumfa ta daina tashi, ya saki, ya bar su kwana biyu. A kaurin 1.2 baƙin bagaruwa ya ratsa daga fuska zuwa fuska. Koren galura ma ya ratsa, duk da tsakiyar ta ɗan fi haske. Yana busar da su a matse tsakanin alluna biyu da jarida don kada su nannaɗe.

Ya kai akwatuna 9 ɗin a watan Afrilu. Guda biyu na gwaji ya ajiye a shago, suka ci damina, ya duba su a Oktoba, ya sake dubawa da hunturu ya kama. Ba tsaga, ba lanƙwasa, babu kuma wanda ya dawo da nasa.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina shekara guda ta tafi ne wajen neman amsa ga rabin tambaya. Launi yake nema, alhali abubuwa uku ake buƙata a tare: launin ya ratsa kaurin duka, leza ta iya yanka abin da wuta kaɗan, kuma ya jure sauyin damina da hunturu. Galura da baba sun faɗi a na farko. Kanya da kirya sun faɗi a na biyu, fatar roba kuma ta faɗi a nan da mummunan hatsari. Akirilik da dashe mai kauri sun faɗi a na uku.

Rage kauri zuwa 1.2 shi ne ya warware ukun lokaci guda, kuma shi ne matakin da ya fi kowanne arha. Rini na iya ratsa shi. Leza na huda shi da bi ɗaya, gefen bai ƙone ba. Falle siriri kuma ba shi da ƙarfin da zai ja filawud, wanda aka jera sassansa a gicciye don kada ya motsa, sai dai ya bi shi. Fallen baya yana daidaita jan da na gaba ke yi. Fallayen Italiya da ma a kan wannan tsarin aka yi su, kuma da bai sa su a gurbin rarake ba, da sun yi masa aiki tun a Janairun 2023. Kuɗi ne ya fitar da su, ba inganci ba. Nasa mai 1.2 ya fi su dacewa da shagon da ke guga da hannu, don akwai rarar da za a ci.

Gwajin bakin taga ya cancanci yabo, shi ya hana shi amfani da loko. Da ya yi wa danshi irin wannan gwajin, ya ajiye murfi ɗaya ya ga hunturu kafin ya karɓi aikin 24, da asarar ba ta faru ba.

Abubuwa biyu ba su warware ba. Faduk yana ci gaba da duhu, shalak jinkirta shi kawai yake yi, don haka yana nuna wa mai saye guntun aljihun tebur da na bakin taga kafin a yi ciniki. Koren galura kuma yana koɗewa a rana fiye da sauran launukan. Yanzu launi huɗu yake tallatawa, fari, baƙi, ja da rawaya. Wanda ya nace sai da kore yana yi masa a ƙananan gurabu kawai, da sharaɗin akwatin ba zai zauna kusa da taga ba.